Yadda ake ciro launuka daga hoto don kati, fasta da bana

Mafi yawan aikin zane da ake kawo wa masu kwamfuta a garin Bauchi da hoto yake zuwa. Za a turo hoton atamfar anko a ce a yi katin biki da zai shiga da ita, ko hoton kwalin kaya a ce a yi wa shago allo, ko hoton hawan Sallah a ce a fitar da kalanda. A irin wannan aiki ba a zaɓar launi da ka. Daga jikin hoton ake ciro shi a mayar da shi lamba, domin lambar ce za ta bi aikin daga waya zuwa kwamfuta, daga nan zuwa injin bugawa. Manhajojin da ke ciro launi da kansu suna da sauri, amma ɗigo kawai suke ƙirgawa. Ba su san wane launi ne amarya ta damu da shi ba. Wannan aikin mai zane ne.

Kowane hoto tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel. Hoton da faɗinsa ɗigo 4000 ne, tsayinsa 3000, yana ɗauke da ɗigo miliyan 12, kuma kowane ɗigo haɗin haske uku ne: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Idan aka yi 256 sau 256 sau 256 za a sami launi 16,777,216. Ana rubuta launin da alamar # a gaba, sai gurabe shida, biyu na ja, biyu na kore, biyu na shuɗi, inda haruffan A zuwa F ke tsayawa a madadin 10 zuwa 15. Ɗauki #8B1E3F. Gurabe biyun farko, na ja, 8B ne, wato 8 sau 16 a tara da 11 (darajar B), ya ba da 139. Kore 30 ne, shuɗi 63. Ja ya rinjaya amma bai kai ƙarshe ba, shi ya sa launin ya fito ja mai duhu, irin wanda mata ke kira marun. #000000 baƙi ne ƙirin, #FFFFFF fari fat, kuma duk inda lambobin uku suka zo daidai da juna, ruwan toka ne. Riƙe wannan na ƙarshen, za a buƙace shi nan gaba kaɗan.

Hoton da za a yi aiki da shi

Nan ne aka fi asara, kuma nan ne aka fi gaggawa. Launin da ke cikin hoto ba na kayan ba ne kaɗai, har da na hasken da ya faɗa a kansu. Atamfa ɗaya, idan aka ɗauke ta a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja, farinta zai koma ruwan ɗorawa. Idan ƙwan mai farin haske ne sosai, sai ta karkata zuwa shuɗi. A tsakar rana kuma haske kan wanke launi, inuwa ta yi baƙi. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo kan sa duk abin da aka ɗauka daga nesa ya fito a koɗe, ya yi toka-toka. Wuri mafi kyau shi ne inuwa mai wadatar haske, kamar baranda ko bakin ƙofa, da hantsi ko bayan la'asar. Amma a guji inuwar rumfar leda mai launi da gefen bango mai fenti mai ƙarfi, don launinsu kan dawo kan kayan.

A shimfiɗa yadin ya kwanta sumul, ba lanƙwasa, a tsaya a samansa kai tsaye, a kashe filasha. A kashe duk wani abin gyaran fuska da ƙarin kala da kyamarar ke yi da kanta, domin wayoyi da yawa kan ƙara wa kore da shuɗi ƙarfi don hoto ya burge. Shadda ta fi wahala saboda sheƙinta, musamman wadda ta sha bugu. A riƙa juya ta har sai walƙiyar ta bar tsakiyar hoton.

Kafin a ɗauka, a ajiye farar takarda a gefen yadin ta shiga hoton. Ita ce shaida. Idan aka buɗe hoton aka duba lambar takardar aka ga kamar 236, 235, 238, to hasken lafiya lau ne, tunda lambobin sun kusanci juna. Idan kuwa aka ga 240, 228, 200, shuɗi ya gaza ja da 40, kenan rawaya ta rufe hoton gaba ɗaya, kuma duk launin da aka ciro zai zo da ita. Gyaran ba wuya: a Snapseed akwai White Balance, a Photoshop da GIMP akwai Levels, kowanne da ɗan tsinken da ake dangwala wa abin da aka san fari ne ko ruwan toka, sai sauran launukan su daidaita. Takardar ofis ta A4 kan ɗan yi shuɗi-shuɗi saboda sinadarin ƙara haske da ake sa mata, don haka bambancin 3 ko 4 a lambar shuɗi ba abin damuwa ba ne.

Sai maganar WhatsApp. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, manhajar kan rage masa girma ta matse shi. Tsarin matse hoto na JPEG yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, kuma ya fi zubar da bayanin launi a kan na haske, saboda ido bai cika lura ba. Sakamakon haka, a bakin kowane zane na atamfa launuka kan shiga juna, a sami wasu da babu su a jikin yadin. Ka ce wa mai aikin, ko Hajiya ce ko Alhaji, a turo hoton a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu. Hoton da aka ɗauka daga fuskar waya, ko wanda ya bi hannu biyar a zaure, a nemi na asali in da hali.

Ɗauka da hannu

Kusan kowace manhajar zane tana da kayan aiki mai siffar abin ɗiga magani a ido, sunansa Eyedropper. Ana dangwala shi a hoto ya ba da lambar wurin. Matsalarsa ɗaya: idan ba a canza masa saiti ba, ɗigo guda tak yake ɗauka. Ka zuƙo hoton yadi sosai za ka ga wurin da kake zaton ja ne zalla cike yake da ɗigogi mabambanta, wani ya yi haske a kan zare, wani ya yi duhu a tsakanin zare. Ka dangwala sau biyar, ka sami lamba biyar.

Maganin shi ne a sa shi ya ɗauki matsakaicin ɗigogi da yawa. A Photoshop, a saman allo akwai Sample Size, a mayar da shi 11 by 11 ga zane mai ƙanana, ko 31 by 31 ga wuri mai faɗi. A GIMP a kunna Sample average a ba shi faɗi. CorelDRAW, wanda shagunan buga kati suka fi amfani da shi, iyakarsa 5 da 5 ne, don haka a nan a ɗauki wuri uku a zaɓi na tsakiya. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, Photopea na buɗewa a burauza kyauta, kuma tsarinsa kusan irin na Photoshop ne.

Inda ake dangwalawa ma da ƙa'ida. Tsakiyar launi ake nufa, nesa da baki, nesa da walƙiya da lanƙwasa. Idan murabba'in da ake ɗauka ya haɗo launi biyu, matsakaicinsu zai ba da, kuma matsakaicin launi biyu masu kyau sau da yawa laka ne. Ɗauki rigar dogari mai ja da kore. A ce jan 200, 30, 30 ne, koren kuma 20, 130, 60. Matsakaicinsu 110, 80, 45, wato ruwan ƙasa, launin da babu shi ko kaɗan a jikin rigar.

Barin manhaja ta ciro

A shafin Adobe Color akwai Extract Theme. Ana ɗora hoto ya fitar da launi biyar, da ƙananan da'irori a kan hoton da za a iya ja zuwa inda ake so. Coolors ma haka yake yi. A Canva, da zarar an saka hoto a cikin zane, in aka buɗe wurin zaɓen launi za a ga jerin launukan hoton sun bayyana da kansu. A GIMP kuwa, a yi kwafin hoton tukuna, a shiga Image, Mode, Indexed, a rubuta adadin launin da ake so, a bar Dithering a kashe, sannan a buɗe Colormap a ga lambobin. Kar a adana wannan a kan hoton asali, don ba ya komawa yadda yake.

Mai aiki da ImageMagick, manhajar da ake ba umarni a rubuce, layi ɗaya ya ishe shi:

magick atamfa.jpg -resize 300x300 +dither -colors 10 -format %c histogram:info:-

Wannan ya fi sauran amfani ta fuska ɗaya: yana nuna yawan ɗigon da kowane launi ya ci, ka ga wanda ya mamaye da wanda ya ɗan leƙo.

Yana da kyau a san abin da ke faruwa a ciki, don shi zai bayyana dalilin kurakuran. Akwai tsohuwar dabara da Paul Heckbert ya wallafa a 1982. Ana zuba duk launukan hoton wuri ɗaya, a duba tsakanin ja, kore da shuɗi wanne ya fi tazara, a jera ɗigogin bisa shi, a raba su biyu daidai a tsakiya. Kowane rabi a sake raba shi haka, har a kai adadin da ake so, sannan a ɗauki matsakaicin kowane kaso. Ɗayar dabarar, da ake kira k-means, takan fara da zaɓen wasu launuka a matsayin cibiya, kowane ɗigo ya bi cibiyar da ta fi kusa da shi, a matsar da cibiyar zuwa tsakiyar mabiyanta, a maimaita har ta daina motsi. Da yake zaɓen farkon yawanci na kan-mai-uwa-da-wabi ne, hoto ɗaya kan ba da sakamako daban idan aka sake gwadawa. Ba lalacewa manhajar ta yi ba.

Duka dabarun biyu masu rinjaye suke bi. Ka ɗora hoton hawa a ƙofar fadar Sarkin Bauchi ka nemi launi biyar: sama za ta ci ɗaya ko biyu, ƙura da ƙasa su ci biyu, fararen riguna su ci ɗaya. Jan da koren dogarai, da adon sirdi da na linzami, waɗanda su ne suka sa aka ɗauki hoton, ba za su samu shiga ba, don ƙila ko kashi 3 cikin 100 na ɗigogin ba su kai ba. Haka hoton ruwan Wikki a Yankari: inuwar itatuwa za ta cika jerin da kore mai duhu iri-iri, launin ruwan ya zo sau ɗaya, ko ya gauraye da ganye.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a yanke hoton kafin a ɗora, a bar abin da ake so kawai: doki da mahayi, ba sama ba ƙasa. A hoton yadi a yanke tabarma ko tayil da farar takardar nan. Ta biyu, a nemi fiye da abin da ake buƙata. Idan biyar ake so a nemi 10 ko 12, ƙananan launukan za su sami gurbi, sai a tace da hannu. A kula da rage girman hoto ma. Ragewa kan sa aikin sauri, kuma ba ta cutar da hoton fili ko gini, amma a atamfa mai ƙananan zane takan narkar da siraran layuka cikin maƙwabtansu. A irin wannan, gara a yanko ɗan yanki a bar shi da girmansa.

Tace abin da aka samu

Launi goma da manhaja ta bayar ba su zama tsari ba tukuna. A jera su a murabba'ai manne da juna a kan farin shafi. Duk biyun da sai an ƙura ido ake bambanta su, a cire ɗaya, a bar wanda ya fi kama da kayan a zahiri. Duk wanda inuwa ce ta haife shi, a cire. Abin da ya rage a ba kowanne aiki: wanda zai zama shimfiɗa, wanda zai dafa masa, wanda za a ɗan yafa don jan ido, sai mai duhu ɗaya da mai haske ɗaya na rubutu. Masu zane kan yi rabon 60, 30, 10 tsakanin ukun farko. Ba doka ba ce, amma tana hana kati zama kamar an zubar da fenti.

A ra'ayina ba dole ba ne launin da ya fi yawa a atamfa ya zama shi ne ya fi yawa a kati. Atamfa mai ruwan goro da yawa tana da kyau a jiki, amma kati mai shimfiɗar ruwan goro kan gajiyar da ido. Sau da yawa ya fi kyau a ɗauki mai sanyi a shimfiɗa, a bar mai ƙarfin ya zama ado.

Sai gwajin da aka fi tsallakewa: shin rubutu zai karantu? Akwai ma'aunin bambancin haske da ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, ta tanada, daga 1 zuwa 21, inda baƙi a kan fari ke da 21. Ƙananan rubutu na buƙatar aƙalla 4.5, manya kuma 3. A ce an ciro marun #8B1E3F, ruwan gwal #D4A017 da ruwan madara #F5EBDC. Ruwan gwal a kan ruwan madara kusan 2 yake bayarwa, kenan ya faɗi, duk da cewa shi aka fi nema a katin biki. Ruwan gwal a kan marun yana wajen 3.7, ya isa a rubuta sunan ango da amarya da manyan haruffa, bai isa a rubuta adireshi da lokaci ba. Ruwan madara a kan marun ya haura 7, shi ya dace da ƙananan bayanai. Akwai shafukan auna wannan kyauta, lambobi biyu kawai ake sakawa. Gwaji mai sauri kuma shi ne a mayar da zanen baƙi da fari: rubutun da ya ɓace a nan, zai wahalar da dattijo a hasken rana. A guji ɗora ja a kan kore masu nauyi ɗaya, domin akwai mutane, galibi maza, da ba sa rarrabe su sosai.

Idan launi bai ci gwajin ba, ba sai an jefar da shi ba. A buɗe shi a ma'aunin HSL ko HSB, a bar lambar H, wato ta dangin launin, yadda take, a rage haske kaɗan-kaɗan har ya kai. Dangin launin bai canza ba, nauyinsa ne ya ƙaru. Kuma yayin duk wannan aiki a kashe abin kare ido na dare a waya ko kwamfuta. Ba ya taɓa lamba, amma yana sa a ga fari kamar rawaya, a je ana gyaran abin da bai lalace ba.

Daga fuskar kwamfuta zuwa takarda

Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Injin bugawa da tawada huɗu yake aiki, C, M, Y da K: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya yi waɗanda tawada ba ta iyawa. Kore shar mai walƙiya, ruwan hoda mai ƙuna da ruwan goro mai ƙarfi duk sukan dusashe. Shuɗin #0000FF kan karkata zuwa shunayya, saboda idan aka juya shi M kan hau ya kusanci C. Masu bugawa kan bar tazarar kamar 30 tsakaninsu, misali C100 M70, don shuɗi ya tsaya shuɗi. Ruwan gwal kuma, komai kyan lambarsa, rawaya mai duhu zai fito. Sheƙin gwal na gaske sai da takardar gwal da ake mannawa da zafi, wannan kuwa aiki ne daban da kuɗinsa daban, gara a faɗa wa mai kati tun farko.

Idan aikin na bugawa ne, a juya launukan zuwa CMYK tun kafin a fara zane, a ga yadda suka koma, a gyara a lokacin. Ƙananan rubutu baƙi a sa su K100 kawai. Idan aka bar baƙin da aka ciro daga hoto, zai zo da tawada huɗu a haɗe, kuma da injin ya ɗan goce, haruffan za su fito da inuwar launi a gefe. Wuri mai faɗi ne ke son baƙi mai haɗi, kamar C60 M40 Y40 K100, amma jimillar tawadar kada ta wuce 300, in ba haka ba takarda ta jiƙe ta ƙi bushewa.

Kafin a buga kati ɗari biyar ko bana mai ƙafa goma, a buga gwaji. A yi murabba'ai na santimita 3, kowanne da lambarsa a ƙasa, a ƙara wa kowane launi ɗan'uwa mai ɗan haske da mai ɗan duhu, a buga a kan ainihin abin da za a yi aikin da shi, a kuma injin da zai yi shi. Lamba ɗaya daban take fitowa a ledar bana, daban a kati mai sheƙi, daban a marar sheƙi wanda ke shanye tawada. A fito da gwajin waje, a inuwa, a kara shi da yadin. Wanda ya dace a cikin ukun shi ne lambar aikin, ko da ba shi manhaja ta bayar ba. Wannan takardar gwajin ita za a ba mai kwalliyar wuri ko mai kek, ko a tafi da ita kasuwar Wunti neman zare da ribon, don hoton waya kowa da yadda tasa ke nuna masa.

A ƙarshe a adana jerin ta hanya biyu. Ɗaya a cikin manhajar: fayil ɗin ASE ga kayan Adobe, GPL ga GIMP da Inkscape, a CorelDRAW kuma a ajiye shi a matsayin jerin launi na musamman. Ɗayar a rubuce a fili, a fayil ɗin rubutu cikin jakar aikin: sunan kowane launi, lambarsa mai #, lambobinsa na CMYK, irin takardar da aka yi gwaji a kanta da shagon da ya buga. Idan aka dawo neman sitika ko jakar rabon kaya bayan wata biyu, daga wannan rubutun za a ɗauko lambobin, ba daga hoton katin da aka riga aka buga ba.